Idan kamara ta shiga gandun bayi: abin da ke faruwa da littafin bauta in ya koma fim ɗin talabijin

Akwai wani abu da Alex Haley ya yi a littafinsa Roots na 1976 wanda masu talabijin suka kasa haɗiyewa. Za ka bi Kunta Kinte tun daga haihuwarsa a Jufure ta ƙasar Gambiya, ka shiga jirgin ruwa tare da shi, a sauke ku a Annapolis a 1767, ka ga gudun da ya yi ta yi har aka datse masa rabin ƙafa, ya yi aure, ya haifi 'yarsa Kizzy, ɗaruruwan shafuka kana manne da mutumin nan, sai rana ɗaya kawai a sayar da Kizzy a jefa ta a keken doki a tafi da ita, kuma daga wannan wurin labari ya bi ta, ba za ka ƙara ganin Kunta a raye ba. Ba a gaya maka ya ya kwana a daren ba, ba a nuna maka jana'izarsa ba. An raba ka da shi kamar yadda aka raba 'yarsa da shi.

Da tashar ABC ta Amurka ta mayar da littafin fim a watan Janairu 1977 sai aka ga ai wannan ya yi tsauri. Aka sa Kizzy bayan ta girma ta samu wanda ya kai ta tsohon gandun, ta tarar uban ya riga mu gidan gaskiya, aka nuna mata kabari, ta ɗau dutse ta kankare sunan Toby da aka laƙaba masa ta rubuta Kunta Kinte. Wallahi wurin yana taɓa zuciya, kuma ban ga laifin duk wanda ya yi kuka a kansa ba. Amma ka tsaya ka yi tunani, kusan mutum miliyan ɗaya aka kwasa daga jihohi irin su Virginia da Maryland aka sayar can kudu gandayen auduga da rake kafin yaƙin basasar Amurka, nawa ne cikinsu suka samu komawa suka ga kabarin iyayensu? Talabijin ta ba mai kallo wani sanyin zuciya da bautar kanta ta hana yawancin masu abin.

To daga nan matsalar take farawa, kuma ni a ganina ta fi ƙarfin batun ko an sa wa jarumai tufafin zamanin daidai. Littafi yana shiga cikin kan mutum ne. In marubuci ya ɗauki bawa ya sa shi a tsakiyar labari, dole ka ji abin da yake saƙawa a ransa, me yake tunawa, wa yake zagi a ɓoye, wace addu'a yake yi, lissafin da yake yi kafin ya ce wa ubangida "to". Ita kuwa kamara jiki take gani. Baya take gani da tabon bulala, ƙafa da mari, gumi, hawaye. Kuma ai asalin cutar bauta ke nan, a tsayar da mutum a kasuwa ana duba haƙorinsa da damtsensa ana taya shi, ba ruwan kowa da abin da ke ƙirjinsa. Saboda haka darakta in bai yi hattara ba, da kyakkyawar niyyarsa, sai ya wayi gari ya tsayar da kamararsa daidai inda dillalin bayi ke tsayawa, mu kuma masu kallo mun zama taron 'yan gwanjo.

Barry Jenkins ya fahimci wannan sosai lokacin da ya ɗauki littafin Colson Whitehead, The Underground Railroad, wanda ya fito 2016 ya ci kyautar Pulitzer, ya mayar da shi shiri mai kashi 10 a Amazon a 2021. A kashin farko akwai wurin da aka kamo wani bawa da ya gudu, Big Anthony, aka rataye shi da hannaye ana zane shi, aka tara sauran bayin dole su kalla, Turawa kuma suna gefe a kan tebur suna cin abincinsu, daga ƙarshe aka cinna masa wuta. Abu ne da ba ya kalluwa. Amma a tsakiyar abin sai kamara ta bar kallonsa ta koma cikin idonsa, kana ganin hayaƙi yana tasowa, ido yana ƙiftawa, kana hango masu cin abincin daga inda yake rataye. Ɗan lokaci kaɗan ne amma ya juya komai, don yanzu su ne abin kallo, shi ne mai gani. Sannan a wurare da dama cikin shirin Jenkins yakan tsayar da labari gaba ɗaya, ya bar mutanen da suka fito a matsayin bayi, har waɗanda ba su da layin magana ko ɗaya, su tsaya cak suna kallon cikin kamara. Ba sa cewa komai. Kai da ka zo kallo sai ka ji kai ake kallo. Har ya tattara irin waɗannan hotunan ya fitar da su daban da sunan The Gaze. Ya kuma ajiye mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin ɗaukar fim ɗin, saboda wanda aka ɗaura wa sarƙa tun safe har dare ana maimaita fitowa ɗaya, ko da wasa ne, jikinsa bai san wasa ba ne, kuma da yawansu jikokin masu abin ne.

Duk da haka akwai baƙaƙen fatar Amurka da yawa da suka ce su dai ba za su kalla ba, sun gaji. Kuma wannan ƙorafin ba na raini ba ne. Lokacin da tashar History ta sake yin Roots a 2016, mawaƙi Snoop Dogg ya fito fili ya ce a ƙaurace masa, hujjarsa ita ce kullum sai dai a nuna su ana dukansu, ina labaran nasarorinsu? A 2017 kuma da HBO ta sanar za ta yi wani shiri mai suna Confederate, wanda zai ƙaddara cewa kudancin Amurka ya ɓalle kuma bauta ta ci gaba har zuwa yau, mutane suka yi ca a kai tun kafin a ɗauki fitowa ɗaya, shirin bai taɓa fitowa ba. Ni na fahimci gajiyar, amma ban yarda maganin shi ne a daina ba. In aka daina nuna bulala kwata-kwata, abin da zai cike gurbin mun san shi, irin su Gone with the Wind na 1939 ne, inda gandu ya zama gidan alfarma bayi kuma suna ta hidima da fara'a. Tambayar da ta dace ita ce, bayan an gama dukan, wa kamara take bi? In ta bi wanda aka daka zuwa ɗakinsa, ta ga wa ke gasa masa bayan, me suka ce wa juna, ya aka yi gobe ya tashi, to labarinsa ne. In kuma ta tsallake ta koma falon ubangida don mu ga yadda abin ya dami uwargida, to an yi amfani da jikinsa ne kawai.

Wannan ya kawo mu kan kuɗi, don talabijin kasuwa ce. A 1977 shugabannin ABC tsoro suke ji Turawa ba za su kalli labarin baƙaƙe ba, shi ya sa ma suka jera shi dare takwas a jere daga 23 zuwa 30 ga Janairu, in asara ce a yi ta a wuce wurin cikin mako ɗaya. Suka kuma ɗauko jaruman da Amurkawa suka saba gani a matsayin iyayen gida na kirki, irin su Lorne Greene da Robert Reed, suka ba su matsayin masu bayi, sannan suka faɗaɗa matsayin kyaftin ɗin jirgin, wanda Ed Asner ya fito a ciki, suka mayar da shi mutum mai addini da zuciyarsa ke damunsa kan kayan da ya ɗauko, duk don Bature mai kallo ya samu wanda zai raɓa. Abin da ya faru kowa ya sani, kashin ƙarshe kusan mutum miliyan 100 suka kalla, shirin ya ci kyautar Emmy 9, iyaye suka riƙa sa wa 'ya'yansu Kunta da Kizzy, mutane suka bazama neman asalinsu. Ba zan taɓa raina wannan ba, dabarar ta yi aiki, kuma akwai hikima a ciki, don nuna cewa mutumin da kake gani mai mutunci shi ne mai sayar da 'yar wani gaskiya ce babba. Amma kuɗin da aka biya shi ne mintunan da kyaftin ya ci yana juyi a kan gadonsa, an ɗebe su ne daga mutanen da ke kwance a ƙasan jirgin cikin amai da kashi.

Akwai kuma wata matsalar da ta fi wannan ɓuya. Fim yana son mugu mai fuska, wanda za a tsana, a jira ranar da zai gamu da gamonsa. Ita kuwa bauta tsari ce, a rubuce take a doka da littafin ajiyar kuɗi. Tun 1662 Virginia ta yi doka cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa, ma'ana ubangida in ya yi wa baiwarsa fyaɗe ta haihu, dukiyarsa ce ta ƙaru. Ana jinginar da mutane a banki a karɓi bashi, ana raba su a gado, ana yi musu inshora. A 1838 limaman cocin Katolika da ke da jami'ar Georgetown sun sayar da mutum 272 don su biya bashin makarantar. Da Birtaniya ta yi dokar soke bauta a 1833 fam miliyan 20 ta ware na diyya, kuma iyayen gijin aka biya, bayin ko sisi. Ya za ka ɗauki wannan a kamara? Mutum zaune yana rubutu a littafi ba ya riƙe mai kallo har bayan talla. Sai a tattara duk muguntar a ɗora wa wani mai gadin gandu mashayi mai jan ido, mai kallo ya tashi da tunanin cewa da an samu ubangida mai tausayi da abin ya zo da sauƙi, alhali mai tausayin ma ranar da bashi ya ci shi sayarwa zai yi. A nan Roots ya yi ƙoƙari gaskiya, don wadda ta juya wa Kizzy baya ranar da za a sayar da ita ƙawarta ce ta yarinta, 'yar Turawan da ta koya mata karatu.

The Long Song, wanda BBC ta yi kashi uku a 2018 daga littafin Andrea Levy, ya bi ta wata hanyar da nake so. Jamaika ce, lokacin boren bayi na ƙarshen 1831 da shekarun da suka biyo baya har 1838, wato labarin bai tsaya a ranar 'yanci ba, ya wuce ya nuna washegari, inda aka ce kun 'yantu amma ɗakin da kuke kwana da gonar da kuke ci na mai gandu ne, ku biya haya ko ku koma yankan rake. Kuma Baturen da ya zo da kyakkyawar niyya, ɗan gidan masu adawa da bauta, shi ne ya rikiɗe da ya ga rakensa zai lalace. Ita kuma July, mai ba da labarin, tana da baki, tana da wayo, tana yi wa uwargijiyarta shaƙiyanci, tana ba ka dariya. Mutane suna mantawa cewa bayi sun yi dariya, sun yi soyayya, sun yi gulma da kishi, kuma fim ɗin da ya cire wannan ya bar kuka zalla, shi ma ya rage musu mutuntaka.

Sai batun gaskiya da ƙirƙira, wanda nan ne rigima ta fi zafi. Haley ya gabatar da littafinsa a matsayin tarihin danginsa da ya cike giɓinsa da ƙirƙira, amma tun 1977 'yan jarida da masana asali suka fara nuna cewa takardun ba su yi daidai da abin da ya faɗa ba, kuma a 1978 ya sasanta da wani marubuci Harold Courlander da ya kai shi kotu kan ɗaukar wasu sassa daga littafinsa The African. Jufure ma da aka nuna kamar wani ƙauye can cikin daji da bai san Bature ba, a zahiri wurin ciniki ne a bakin kogin Gambiya, dab da tsibirin da Turawan Ingila suke da sansani, wanda a 2011 gwamnatin Gambiya ta sauya masa suna zuwa na Kunta Kinte. Ka ga ƙarfin talabijin ke nan, labari ya koma ya sauya taswira. Shirin Roots na 2016 ya gyara wasu abubuwan, ya nuna Jufure gari ne babba, ya fito da Musuluncin Kunta sosai, ya kuma nuna ƙarara cewa 'yan Afirka ne suka kama shi suka sayar, abin da ba daɗin ji amma in aka ɓoye shi an yi wa tarihi ha'inci.

Amma fa kar a ce tunda haka ne a daina ƙirƙira a tsaya kan takarda. Takardun wa? Yawancin abin da aka rubuta a zamanin masu bayi ne suka rubuta, sunan mutum ɗaya tilo, shekaru, farashi. An hana bayi karatu da doka a jihohi da dama. Kaɗan ne suka bar rubutu da hannunsu, irin su Frederick Douglass da Harriet Jacobs, ko Umar ibn Said da ya rubuta tarihinsa da Larabci a 1831 yana cikin bauta a North Carolina. Hirarrakin da gwamnatin Amurka ta yi da tsofaffin bayi sama da 2,300 kuwa sai a 1936 zuwa 1938 aka yi su, mutanen sun tsufa tukuf, yawancinsu yara ne lokacin bautar, masu tambayar kuma galibi Turawan kudu ne, kai ma ka san ba komai za a faɗa ba. Saboda haka ƙirƙira dole ce, ita ce kaɗai hanyar shiga inda takarda ta yi shiru. Lawrence Hill ya ɗauki wani kundi na gaske na 1783, inda sojojin Birtaniya suka rubuta sunayen baƙaƙe kusan 3,000 da za su kwashe daga New York, ya ƙirƙiro mace ɗaya, Aminata Diallo, ya bi da ita daga Afirka ta Yamma zuwa South Carolina, zuwa Nova Scotia a Kanada, zuwa Saliyo, kuma da aka yi shirin The Book of Negroes kashi shida a 2015 ba wanda ya ce an yaudare shi, don ba a ce masa Aminata ta taɓa rayuwa ba. Whitehead ma ya wuce nan, hanyar sirri da masu gudu ke bi, wadda a tarihi gidaje ne da mutane masu ɓoye su, shi ya mayar da ita jirgin ƙasa na gaske a ƙarƙashin ƙasa. A littafi ka san wasa da hankali ake. A talabijin kuwa da ka ga ƙarfe da hayaƙi da direba, ido yana saurin gaskatawa, kuma yaron da bai karanta tarihin ba zai iya tashi da shi a haka. Wannan nauyi ne da mai fim yake ɗauka wanda marubuci bai ɗauka ba.

Tsawon zango ma wani tarko ne. Littafin Octavia Butler, Kindred na 1979, gajere ne mai shaƙe wuya, wata baƙar mace ce a 1976 ake fizgo ta zuwa gandun bayi a Maryland duk lokacin da kakan kakanninta Bature ya shiga haɗari, dole ta cece shi don in ya mutu ita ma ba za a haife ta ba. Da aka yi shi a 2022 sai aka matso da zamanin zuwa 2016, aka ƙara mutane da rassa don a samu zango da yawa, kashi takwas suka ƙare ba a ci rabin labarin ba, sannan tashar ta soke shi. Aka bar mutanen labarin rataye a gandu.

Abin da ya fi damuna dai shi ne ina ake kallo. Cikin mutum kusan miliyan 12.5 da aka loda a jirage daga Afirka, wajen miliyan 10.7 ne suka sauka da rai, kuma waɗanda aka kai Amurka ta Arewa kai tsaye ba su kai 400,000 ba. Brazil ita kaɗai ta karɓi sama da miliyan 4, kuma sai 1888 ta soke bauta. Amma tunda kuɗin fim a Amurka yake, duniya ta ɗauka bauta ita ce auduga da Mississippi. Shirin Brazil da ya fi zaga duniya a kan batun, Escrava Isaura na 1976, wanda aka yi daga wani littafi na 1875 kuma aka yi ta rububinsa har a Sin da Tarayyar Sobiyet, jarumarsa baiwa ce fara sol, Baturiya ce ta fito a matsayin, kuma tausayin da ake nema daga mai kallo shi ne wai ga mace kamar wannan a cikin bauta, su kuma baƙaƙen suna bayanta suna kai da kawo. Ga juyin juya halin Haiti daga 1791 zuwa 1804, inda bayi suka kori sojojin Faransa suka kafa ƙasarsu, ga boren Musulmin bayi a Bahia a 1835, mutanen da aka samu rubutun Larabci da layu a jikinsu bayan an kashe su, ga Palmares, garin gudaddun bayi da ya yi kusan shekara ɗari yana tsaye a Brazil. A irin waɗannan labaran ba sai darakta ya sha wahalar nemo wa bawa abin yi ba, don su ne masu shirya taro da dare, su ne masu gardama a tsakaninsu kan yaushe za a tashi da wa za a amince wa, kuma ba kyaftin mai damuwar zuciya da za a raɓa. Ina jin shi ya sa masu zuba kuɗi suke jan ƙafa a kansu, don fim ɗin yaƙi na zamanin da yana cin kuɗi, kuma har yanzu tambayar farko da ake yi wa furodusa ita ce wadda ABC ta yi a 1977, wa zai kalla.